Babi na Shida: Daga Buhun Taki Zuwa Wutar Lantarki

Manoman rani a ƙasar Auyo kashi biyu ne. Akwai wanda gonarsa ta faɗa cikin shirin noman rani na kwarin Haɗeja, inda ruwan da aka tare a madatsar Gamsarka yake gangarowa da kansa ta magudanai har ya shiga fuloti. Shirin yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Auyo ya ƙaddamar da gyara da faɗaɗawar da aka yi masa da tallafin Bankin Duniya, fili mai faɗin hekta kusan 5,700. Akwai kuma wanda gonarsa ke wajen magudanan, a gaɓar kogi ko can cikin fadama. Shi wannan ruwansa sai an jawo shi. Zai haƙa 'yar rijiyar burtsatse, ya ɗora injin ban ruwa, ya zuba fetur, ya ja igiya. In shinkafa ya shuka, injin ba ya samun hutun kirki har a yi yanka.

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, lissafin wannan manomi ya rikice. Litar da yake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000. Da yawa sun kai injinansu wurin bakanike an juya su suna aiki da tukunyar gas ta girki, masu hali sun koma fanfon sola, wasu kuwa sun rage faɗin abin da suke nomawa. Tambayi kowane manomin rani abin da ke cinye masa jari, amsarsa ba za ta wuce biyu ba: mai da taki.

Waɗannan biyun sun fi kusa da juna fiye da yadda ake zato. Sinadarin da ake yin takin yuriya da shi, wato amoniya, makamashi ne, kuma an daɗe da sanin yadda za a ciro wutar lantarki daga cikinsa. Abin da ya hana wannan wuta isowa fadama shi ne tsadar kayan da ake ƙera na'urar da su. A kan neman kaya masu araha ne masana ke ta fafatawa a yau, kuma sakamakon wannan nema ya shafe mu kai tsaye.

Abin da ke cikin buhun yuriya

Kashi 46 cikin 100 na nauyin yuriya naitirojin ne, abincin da ke sa ganyen shinkafa ya yi kore shar. Ana samar da yuriya ne ta haɗa amoniya da iskar kabon. Ita amoniya gas ce mai kaifin wari. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kaji ko garken da aka daɗe ba a share ba ya san warinta, mai hawa kai ya sa ido hawaye. Manomin da ya watsa yuriya a saman ƙasa da tsakar rana bai binne ba, wani kaso na kuɗinsa amoniya yake komawa ya bi iska.

Kowace ƙwayar amoniya tana ɗauke da naitirojin ɗaya da haidurojin uku. Haidurojin ɗin nan shi ne man. Idan ya haɗu da oksijin na iskar da muke shaƙa yakan saki ƙarfi, abin da ya rage kuma ruwa ne. Naitirojin ɗin sai ya koma sararin da ya fito, domin dama kashi 78 cikin 100 na iskar duniya naitirojin ne. Babu kabon a cikin amoniya, saboda haka babu baƙin hayaƙi, babu iskar kabon mai ɗumama duniya.

Mai karatu zai iya tambaya: me zai hana a yi amfani da haidurojin zalla? Wahalar ajiya ce ta hana. Kafin haidurojin ya zama ruwa sai an sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili, ko kuma a matse shi a tukunyar da za ta jure ninki 700 na matsin iskar da muke rayuwa a ciki. Amoniya kuwa tana zama ruwa a digiri 33 ƙasa da sifili, ko a matsi ninki goma kacal, kusan irin wanda ke cikin tukunyar gas ta girki. Abin da ya fi ba da mamaki, litar ruwan amoniya ta fi litar ruwan haidurojin zalla yawan haidurojin da fiye da rabi.

Ga shi kuma ba baƙuwa ba ce a kasuwar duniya. Ana samar da kimanin tan miliyan 180 a shekara, kusan kashi 70 cikin 100 yana tafiya wajen taki. Akwai jiragen ruwan dakonta, da tankunanta, da ma'aikatan da suka ƙware a kanta. A Najeriya ana yin ta daga iskar gas a masana'antar Indorama da ke Eleme da ta Notore da ke Onne, duka a Jihar Ribas, sai ta Dangote a Lekki wadda aka buɗe a 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 na yuriya a shekara. A Amurka manoman masara suna cusa ruwan amoniya kai tsaye cikin ƙasa. A Beljiyam kuwa, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya yanke dizal, an tuƙa motocin bas da amoniya a 1943.

Batirin da ba a kai shi caji

Ana iya ƙona amoniya a inji, amma ba ta saurin kamawa, kuma ƙonawar tana fitar da wasu iskoki masu cutar da huhu. Hanyar da ta fi tsafta ita ce batirin gas. Bambancinsa da batirin mota shi ne ba ya ajiye wuta a cikinsa. Muddin ana ba shi gas ta gefe ɗaya da iska ta ɗaya gefen, zai ci gaba da ba da lantarki.

Farantai biyu gare shi, a tsakaninsu akwai tantani ko ruwan sinadari mai barin wasu ƙwayoyi su ratsa ya tare wasu. A farantin farko ake raba haidurojin da ilektaron ɗinsa. Ilektaron ba shi da hanya ta tsakiya, dole ya bi waya ya zagaya zuwa faranti na biyu inda oksijin ke jira. Gudunsa a cikin wayar shi ne wutar da za ta juya fanfo ko ta kunna ƙwai. Ɗaki ɗaya na batirin ba ya ba da ko bolt ɗaya cikakke, shi ya sa ake jera ɗaruruwa a haɗe su. Babu fistin, babu filogi, babu baƙin mai, babu ƙara. Ƙaramin injin fetur da ƙyar yake mayar da kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin mai zuwa aiki, sauran ya tafi a zafi da hayaƙi. Batirin gas mai kyau yana kai wa rabi, wani ma ya wuce.

Dabarar tsohuwa ce. Wani lauya ɗan Birtaniya, William Grove, ya nuna ta tun 1839. Tun a gwajin farkon nan kuma matsalar ta bayyana, domin farantansa na filatinam ne.

Dillali mai tsadar la'ada

Haidurojin da oksijin za su iya shekara a tukunya ɗaya ba su kula juna ba. Sai an samu abu na uku da zai haɗa su. Aikin wannan abu kamar na dillali ne a kasuwar Gujungu: saniyar ba tasa ba ce, kuɗin ba nasa ba ne, amma ciniki ba ya faɗawa sai da shi, kuma in an tashi kasuwa yana nan yadda yake, gobe ya sake haɗa wani cinikin. A duk ma'adinan duniya babu dillalin da ya kai filatinam iya wannan aiki, kuma kaɗan ne suka kai shi tsadar la'ada.

Filatinam ɗin da ake haƙowa a duniya baki ɗaya bai kai tan 200 a shekara ba, alhali zinariya ana haƙo fiye da tan 3,000. Kusan kashi 70 cikin 100 na shi daga Afirka ta Kudu yake fitowa, mafi yawan sauran daga Rasha da Zimbabwe. 'Yan'uwansa biyu da ake buƙata a aikin amoniya sun fi shi ƙaranci: rutiniyam kimanin tan 30 a shekara, iridiyam kuwa bai kai tan 10 ba. Ko da farashinsu ya faɗi, babu isassu a doron ƙasa da za a ƙera wa kowane ƙauyen Afirka da Asiya na'ura. Duk fasahar da ta dogara da su za ta tsaya a kan motocin masu kuɗi da jiragen sama jannati.

Wani injiniya ɗan Ingila, Francis Bacon, ya gane haka tun a shekarun 1930. Ya ajiye filatinam ya ɗauki nikel, ya kuma canja ruwan tsakiya daga asid zuwa ruwan fotash, ɗan'uwan ruwan tokar da mata ke tacewa don yin sabulun salo. Ya shafe fiye da shekara 25 yana gyara kafin a 1959 ya nuna na'ura mai ba da kimanin kilowat 5. A kan aikinsa aka gina baturan da suka ba kumbon Apollo wuta a tafiyar zuwa duniyar wata.

Yadda taki ya zama na talaka

Babbar hujjar cewa neman kaya masu araha ba aikin banza ba ne tana cikin tarihin amoniyar kanta. A 1909, a birnin Karlsruhe na Jamus, Fritz Haber ya nuna za a iya haɗa naitirojin na iska da haidurojin a samu amoniya. Dillalin da ya yi masa aiki shi ne osmiyam, ma'adinin da duk abin da duniya ta tara a lokacin bai wuce kimanin kilo 100 ba. Da an tsaya a nan, da binciken ya ƙare a cikin littattafai.

Kamfanin BASF ya ɗora wa Carl Bosch aikin mayar da gwajin masana'anta, shi kuma masanin sinadarai Alwin Mittasch aka ba shi neman abin da zai maye gurbin osmiyam. Mittasch da abokan aikinsa suka jera ƙananan tukwanen gwaji suna zuba ma'adinai ɗaya bayan ɗaya, dare da rana. Zuwa 1912 sun yi gwaji kusan 6,500 a kan haɗe-haɗe kusan 2,500. Abin da ya ci gasar shi ne wani dutsen ƙarfe daga Suwidin, wanda ya zo da ɗan gaurayen alminiyam da fotash. Baƙin ƙarfe, irin wanda maƙeri ke bugawa. A 1913 aka buɗe masana'antar farko a Oppau, kuma har yau mafi yawan masana'antun amoniya na duniya da ƙarfe suke aiki.

Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya suna cin abincin da aka noma da takin wannan hanya. Sunan Haber da na Bosch aka fi sani, su ne suka karɓi kyautar Nobel, ɗaya ta 1918, ɗaya ta 1931. Amma haƙurin Mittasch ne ya sa buhun yuriya ya iso Ayama da Ganuwar Kuka a farashin da manomi zai iya taɓawa. Batirin amoniya a yau yana tsaye ne a inda Haber ya tsaya a 1909: an tabbatar yana aiki, saura a ƙera shi da abin da duniya ke da shi da yawa.

Hanyoyi uku, kowace da cikas ɗinta

Hanya ta farko ita ce a fasa amoniya da zafi, a raba haidurojin da naitirojin, sannan a tura haidurojin cikin batir. Da rutiniyam fashin yana yiwuwa a wajen digiri 500, da nikel kuwa sai an kai 800 ko fiye. A 2014 ayarin Bill David a ɗakin binciken Rutherford Appleton kusa da Oxford ya nuna cewa wani haɗi na sodiyam, sinadarin da ke cikin gishirin miya, yana iya yin aikin rutiniyam. Wani cikas kuma shi ne ragowar amoniyar da ba ta fashe ba. Baturan haidurojin irin na mota, masu tantanin asid, ba sa jure ta. Ƙa'idar duniya ba ta yarda ta wuce kashi ɗaya cikin miliyan goma ba. Baturan ruwan fotash irin na Bacon ba su damu da ita ba, kuma suna aiki ba tare da filatinam ba, shi ya sa kamfanoni irin su AFC Energy a Ingila da GenCell a Isra'ila suka koma kansu don samar da wuta a inda babu layin lantarki. Nasu raunin shi ne iskar kabon da ke cikin iska tana lalata ruwan fotash, dole a riƙa tace ta. Da hanyar fashin nan ne kamfanin Amogy na Amurka ya tuƙa tarakta a 2022, ya kuma tuƙa jirgin ruwa mai jan jirage a 2024.

Hanya ta biyu ita ce a zuba amoniyar kai tsaye cikin batir mai aiki ƙasa da zafin tafasar ruwa. Ita ce mafi sauƙin fasali, kuma da ta nuna da ita ce ta fi dacewa da gona, domin tana tashi nan take. Amma a nan dillalin yake shan wahala. Tun 1970 masana biyu a Jamus, Gerischer da Mauerer, suka bayyana cewa idan aka cire wa amoniya haidurojin ɗinta uku, naitirojin ɗin da ya rage yakan manne a fuskar filatinam ya toshe ta, batirin ya riƙa mutuwa a hankali. Amoniya kuma tana ratsa tantanin ta tsallaka ɗaya gefen, a yi asararta. A 2019 ayarin Yushan Yan a Jami'ar Delaware ya samu miliwat 135 daga kowace murabba'in santimita a digiri 80, abin da aka yaba ƙwarai a lokacin, duk da cewa batirin haidurojin yana ba da kusan 1,000, kuma sai da filatinam da iridiyam aka kai ga hakan. Shanwen Tao na Jami'ar Warwick yana cikin waɗanda suka daɗe suna gwada nikel da jan ƙarfe a madadinsu. Suna aiki, amma har yanzu wutar da suke bayarwa ba ta kai ba. Shi Tao da abokan aikinsa sun nuna a 2010 cewa ana iya ciro lantarki daga ruwan yuriya ma, bayan da Gerardine Botte ta Jami'ar Ohio ta nuna a 2009 cewa nikel yana fitar da haidurojin daga yuriya, har da wadda ke cikin fitsari.

Hanya ta uku ta tangaran ce. Tsakiyar batirin siririn faifai ne na tangaran da aka yi da zirkon, yana aiki a digiri 700 zuwa 1,000. A wannan zafi nikel shi kaɗai yana yin aiki biyu, ya fasa amoniya ya kuma karɓi ilektaron, ba a buƙatar filatinam ko kaɗan. A 2017 Jami'ar Kyoto da wasu kamfanonin Japan sun nuna irin wannan batir mai ba da kilowat 1 kai tsaye daga amoniya. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Zafin da ya kori filatinam shi ya jawo buƙatar ƙarfe na musamman mai tsada da abin liƙi mai jure wuta. Na'urar tana ɗaukar sa'o'i kafin ta yi zafi, yawan kunnawa da kashewa yana tsattsaga tangaran ɗin, naitirojin kuma yana cin nikel sannu a hankali. Mafitar da ake bi ita ce wani tangaran dabam, wanda Hiroyasu Iwahara ya fara gano irinsa a Japan a 1981. Wanda ake yi yau da bariyam yana aiki a digiri 500 zuwa 600, zafin da ƙarfe mara tsatsa na kasuwa zai iya ɗauka. A 2018 masu bincike a Colorado sun gwada shi da makamashi iri 11, har da amoniya.

Kachala da duwatsunmu

Farantin da ke karɓar iska shi ma yana cin filatinam, kuma a nan ne aka fi samun nasara. Tun 1964 Raymond Jasinski ya nuna cewa haɗin ƙarfe mai araha da naitirojin da kabon yana iya wannan aiki. Yau ana yin irin wannan dillali da baƙin ƙarfe da naitirojin da gawayi, kuma a cikin ruwan fotash ƙwazonsa yana dab da na filatinam. Gawayin kuwa ana iya samunsa daga tsirrai. A 2014 wasu masu bincike a ƙasar Sin sun wallafa yadda suka samar da shi daga wani nau'in kachala.

Babu mutumin kwarin Haɗeja da za a yi wa bayanin kachala. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ɗaukewa da rani a wurare da dama, ciyawar ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki mai far wa shinkafa, ta kuma ƙara wa ambaliya ƙarfi. Batir ba zai cinye kachalar kwarin ba, domin abin da ake buƙata na gawayin kaɗan ne. Amma ɗalibin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ko Jami'ar Tarayya ta Dutse yana da kayan gwaji a bakin ƙofarsa, kachala da ɓuntun shinkafa, kyauta.

Sauran kayan ma ba su yi mana nisa ba. Akwai dutsen ƙarfe a Itakpe ta Jihar Kogi, akwai zirkon a cikin yashin kuzar Filato, akwai dutsen bariyam a Azara ta Jihar Nasarawa, an kuma ba da sanarwar gano nikel a Dangoma ta Jihar Kaduna a 2016. Ɗanyen dutse ba ya shiga batir sai an tace shi tas, kuma tacewar masana'anta ce mai zaman kanta. Duk da haka ƙasar da ke da waɗannan duwatsu tana da abin shiga kasuwar da shi, saɓanin kasuwar filatinam da iridiyam.

Lissafin da bai kamata a ɓoye ba

Tan ɗaya na amoniya yana ɗauke da ƙarfin da ya kai awon kilowat kusan 5,000. Batir mai kyau zai mayar da rabinsa lantarki, wato 2,500. Idan da hasken rana aka yi amoniyar, an kashe kusan 10,000 wajen yin ta. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan ya dawo. Saboda haka manomin da ke ban ruwa da rana babu abin da ya fi masa fanfon sola kai tsaye, kuma duk wanda ya ce masa ya jira amoniya bai yi masa adalci ba. Idan kuma daga iskar gas aka yi ta, kamar yadda masana'antunmu ke yi, kowane tan ya riga ya saki kusan tan biyu na iskar kabon tun a masana'anta.

Akwai lissafi na biyu. Naitirojin ɗin da ke cikin tan ɗaya na amoniya ya kai na buhun yuriya kusan 36 masu kilo 50. A ƙasar da manomi ke raba buhu ɗaya wa gonar da ke neman uku, mayar da taki makamashi kuskure ne, sai fa idan an ƙara yawan abin da ake samarwa.

Na uku shi ne haɗari. Hanci yana jin amoniya tun tana kaɗan ƙwarai, kuma wannan rahama ce, amma idan ta kai kashi 300 cikin miliyan a iska tana barazana ga rai. A ranar 24 ga Maris 1992 wata tankar amoniya da aka cika fiye da ƙima ta fashe a masana'antar man gyaɗa ta Sonacos a Dakar. Mutum 129 suka mutu, fiye da 1,000 suka jikkata. Mu da muke ganin ana ɗura gas ɗin girki a bakin titi kusa da mai tuyar ƙosai, dole mu faɗa wa kanmu gaskiya: tukunyar amoniya ba ta zaman tsakar gida ba ce, ba kuma ta ɗaurawa a bayan babur ba.

To ina gurbinta? Gurbinta yana inda sola da batirin ajiya suke gazawa. Batirin ajiya yana riƙe wutar rana zuwa dare, amma riƙe hasken Maris zuwa hadarin Agusta ya fi ƙarfin aljihu. Amoniya kuwa tana wata da watanni a tanki ba ta rage ƙarfi. Ta dace da tasha guda mai shinge da ƙwararrun ma'aikata, wadda za ta ba da wuta ta waya ga injin casar shinkafa, da ɗakin sanyin tumatir da kifi, da asibitin karkara, da turakun wayar salula. Tankin da aka gina a kan tudu zai yi rana a shekara irin 2020 da 2022, lokacin da ambaliya ta yanke hanyoyin Auyo da maƙwabtanta. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ke cikin shirin noman rani sun riga sun saba da mallakar abu tare da karɓar kuɗin gyara, kuma irin wannan tsari tashar take buƙata.

An ma fara yin amoniyar a gona. Tun 2013 Jami'ar Minnesota take yin ta da ƙarfin iska a garin Morris. A 2023 kamfanin Talus ya kafa wa kamfanin Kenya Nut ƙaramar masana'anta kusa da Naivasha a Kenya, mai yin tan ɗaya a rana da hasken rana da ruwa da iska. Waɗannan ukun kwarin Haɗeja yana da su a wadace, alhali takinsa yana tafiyar fiye da kilomita 1,000 a bayan tirela kafin ya iso. Ranar da irin wannan masana'anta ta tsaya a Jigawa, taki ne zai zama babban amfaninta, rarar kuma ta zama wuta.

Rabonmu a cikin aikin

Na'urar da aka gwada a Kyoto ko Delaware ba ta taɓa haɗuwa da ƙurar hunturu ba, ba ta san zafin Afrilu mai haura digiri 40 ba, ba ta san rashin kayan gyara ba. Araha ta gaskiya ta haɗa da tsawon rai da sauƙin gyara. Injin fetur ya mamaye fadama ne domin a kowane gari akwai yaron da zai kwance kafiretarsa ya wanke ya mayar, kuma duk na'urar da ke son ta gaje shi sai ta cika wannan sharaɗi. Waɗannan matsaloli ba za a warware su a wata ƙasa ba.

Muna da wuraren da za su ɗauki aikin: Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, Jami'ar Bayero, jami'o'in Jigawa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja wadda za ta iya horar da masu gyara da masu kula da tsaro. Gwajin dillalai na nikel da ƙarfe da gawayi ba ya neman ginin biliyoyi. Yana neman tanderu, da na'urar awon lantarki, da sinadarai masu tsafta, da wutar da ba ta ɗaukewa, da kuɗin bincike da ba zai yanke bayan shekara ɗaya ba. Gwamnatin jiha da masana'antun takin da ke cin riba daga manoman arewa za su iya ɗaukar nauyin wannan ba tare da sun ji a jikinsu ba, kuma ya kamata a nema daga gare su.

Gwaji 6,500 aka yi kafin ƙarfe ya karɓi aikin osmiyam. Na batirin amoniya ana kan yin su yanzu, a ƙasashe da dama, kuma ƙasar da ta sa hannu a gwajin ita za ta san yadda ake ƙera na'urar, da gyara ta, da yi mata farashi. Wadda ta naɗe hannu za ta saye ta da dala, ta kuma jira baƙo ya zo ya gyara mata duk ranar da ta tsaya.